Daga Argungu Zuwa Bakin Teku: Raka Ɗalibi Cibiyar Binciken Teku Ta Legas

Ɗan yayata yana karatun kimiyyar kiwon kifi a jami'a, lokacin horon SIWES ya zo, wato horon sanin makamar aiki da ake tura ɗalibai, abokansa duk suka nemi gonakin tarwaɗa kusa da gida, shi kuwa ya kafe sai Legas. Uwarsa ta ce ba ta yarda ya tafi shi kaɗai ba, dole ƙaninta ya kai shi ya ga inda zai kwana. Haka na tsinci kaina cikin motar dare.

Mun bi ta Yawuri da Kwantagora da Mokwa, muka haye Kwara a gadar Jebba. Yaron ya leƙa ta taga ya ce, "Kawu, ruwan Matan Fada ma yana cikin wannan." Gaskiyarsa. Gulbinmu na Argungu, inda Matan Fada yake, cikin Kwara yake zuba, Kwara kuma a teku take ƙarewa, can yankin Neja Delta. Ilori da Ogbomosho da Badun duk cikin gyangyaɗi na wuce su. Abin da ya wartsakar da ni shi ne gadar Third Mainland, mai tsawon kusan kilomita 12, inda muka hangi unguwar Makoko a ƙasa: gidajen katako bisa turaku cikin ruwa, hayaƙin bandar kifi na tashi, yara ƙanana na tuƙa kwale-kwale.

Cibiyar da muka nufa ita ce ta binciken teku da halittun cikinsa, wadda ake taƙaita sunanta da NIOMR. An kafa ta a 1975, tana tsibirin Victoria, daf da tsohon bakin tekun da ake kira Bar Beach. Mu a Arewa cibiyar New Bussa muka fi sani, mai kula da kifin koguna da tabkuna. Ita wannan ruwan gishiri ne aikinta, wato gaɓar tekun Nijeriya mai tsawon kilomita 853 da abin da ke gabanta. Tana da jirgin bincike mai suna RV Bayagbona, tana da gonar kifi a Badore, tana kuma da cibiyar horar da masu kiwon kifi a Aluu kusa da Fatakwal.

Wani ma'aikaci mai furfura ya zagaya da mu. Na zaci babu abin da za a koya wa jikan masunta Kabawa game da ruwa, sai na ga abin da ake koyarwa a nan daban ne: awo. Ya ɗiga ruwa a kan wata 'yar na'ura, ya ce yaron ya leƙa ya karanto yawan gishirin. A kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri kimanin giram 35. Amma tabkin Legas, inda ruwan koguna ke haɗuwa da na teku, ba ya tsayawa wuri ɗaya: da damina gishirin ya ragu ƙwarai, da rani ya ƙaru, kuma kifayen da ake samu suna sauyawa tare da shi. Ɗalibi zai ɗibi ruwa, ya auna zafinsa da gishirinsa da iskar da ke cikinsa, ya ja wata koma mai ƙananan idanu ya tara halittun da ido ba ya gani, waɗanda su ne abincin ƙananan kifaye, ya rubuta. Gobe ya sake. Masuncinmu ya san ranar da kifi zai zo, wannan ba gardama, sai dai saninsa a kansa yake, yana tafiya da shi kabari. Wanda aka rubuta kuwa wani zai ɗora a kai bayan shekara talatin.

Abin da ya fi ƙayatar da ni wani ɗan ƙashi ne da ake cirowa daga cikin kan kifi, bai kai ƙwayar wake ba. Idan aka sa shi ƙarƙashin madubin bincike akwai zobba-zobba a jikinsa da ke nuna shekarun kifin. Da irin wannan ake gane ko ana kama kifaye tun ba su kai ga hayayyafa ba. Ma'aikacin ya kuma ba mu labarin wata ƙofa da ake ɗinkawa a jikin tarun jiragen kamun jatan lande, don kunkurun teku ya samu mafita idan ya faɗa ciki. Ba tausayi kaɗai ya kawo ta ba. Amurka ba ta karɓar jatan landen teku daga ƙasar da jiragenta ba sa amfani da irin wannan ƙofa.

Da la'asar muka fita wajen da Bar Beach yake a da. Dattijon ya ce igiyar ruwa a wannan gaɓa daga yamma take kwaso yashi ta yi gabas da shi. Da Turawa suka gina katangun duwatsu a mashigin tashar jirage tsakanin 1908 da 1912, sai yashin ya riƙa taruwa a yamma, teku kuma ta shiga cin gabas, har ta kai ga malalowa kan titin Ahmadu Bello. Yau an cike wurin da yashi ana gina sabon birnin Eko Atlantic a kai. Yaron ya yi shiru yana rubutu, ni kuwa ina ja da baya duk sa'ad da igiya ta bugi duwatsu.

Ƙofofin shiga wannan fanni ba ɗaya ba ne. Mai SIWES takardar makarantarsa yake kawowa, a ajiye shi a wani sashe, ya riƙa cika littafin aikinsa ana sa masa hannu. Masu digiri na biyu da na uku sukan zo don ɗakunan gwaji da shawarar masu bincike. Wanda ya gama sakandare kuma, ga Kwalejin Tarayya ta Kifi da Fasahar Teku nan a tsibirin, tana ba da difloma da babbar difloma a fannin kifi, da tuƙin jirgin ruwa, da injiniyancinsa. A ganina rashin labari ne ya fi tare yaranmu, alhali kifin ƙanƙarar da ake soyawa a kowace tasha ta Arewa daga teku yake fitowa.

Matsala ta gaske ita ce masauki. Hayar ɗaki a tsibirin Victoria ba ta ɗalibi ba ce. Sai da muka koma Obalende, wajen wani ɗan garinmu mai sayar da goro, ya amince yaron ya zauna tare da ƙannensa, ya riƙa hawa motar haya da sassafe. Na kira yayata na shaida mata. Tambayarta ta farko ita ce ko za su sa shi cikin jirgi, na ce mai yiwuwa, amma da rigar ceto. Ta ce in ba shi wayar ta ji daga bakinsa.