Fitilar tsohuwar Honda

Tsohuwar Honda CG125 ɗin da kawuna ya bar mini ta ci kwan fitila har na gaji da saye. Ka sa sabo da yamma, kafin Isha ya ƙone. Ga danja, wato fitilar baya, ita ma ta mutu.

Dattijon mai rewayan da na kai wa bai ko kalli kwan ba. "Yaro, ina batir?" Na ce tun da da ƙafa ake buga kika a tayar da ita, na daɗe ban damu da shi ba. Ya yi dariya har da tafa hannu.

Ashe irin waɗannan baburan masu ƙarfin lantarki bolt 6, fitilar gaba daga kwayil ɗin magineto, mai samar da wuta in inji na juyawa, take shan wuta kai tsaye. Shi ya sa a silo take dishi-dishi, in ka murɗa totur ta haska. Batir ne ke shanye rarar wutar; in ya mutu, ko danja ta ƙone, sai rarar ta taru a kan kwan da ya saura, ta kashe shi.

Ya kwance kujera, ya nuna mini wayar da ke ɗaure a jikin ƙarfen babur, wadda wuta ke komawa ta cikinta: tsatsa ta cinye bakinta, ta yi ja. Ya goge da samfefa har ƙarfen ya yi fari, ya ɗaure, ya sa mita ya gwada rektifaya, mai gyara wutar da ke cajin batir, muka sa batir.

Yaran yanzu da sun ce a zare wayoyin duka a mayar da ita bolt 12. Ni kam ban yarda a taɓa mini ita ba.