Tankar Duel da musun da masu kallo suka kasa gamawa

Ranar 13 ga Nuwamba, 1971, tashar ABC ta Amurka ta nuna wani fim mai minti 74 da aka shirya don talabijin, mai suna Duel. Daraktansa Steven Spielberg yana ɗan shekara 24 a lokacin, kuma bai cika mako biyu yana ɗaukarsa ba, a hanyoyin da ke arewacin Los Angeles. Labarin bai fi a faɗe shi cikin numfashi guda ba. Wani ɗan kasuwa, David Mann, wanda Dennis Weaver ya fito a matsayinsa, yana tafe a jar motarsa ƙirar Plymouth Valiant, ya tarar da wata tsohuwar tankar mai tana jan jiki tana fesa masa baƙin hayaƙi, ya sha gabanta. Laifin ke nan. Daga nan har ƙarshen fim direban tankar neman ransa yake yi.

Fiye da shekara 50 ke nan, amma duk inda aka tayar da zancen fim ɗin sai an rabu gida biyu, kuma inda aka fi ja-in-ja shi ne kan direban. Ba a taɓa nuna fuskarsa sosai ba. Hannu ake gani ta taga, sai takalman kaboyi suna zagaya mota a gidan mai. Masu ƙorafi na cewa an yaudare su: mutum ya zauna sama da awa guda yana jiran ya san wane ne, me aka yi masa, a tashi ba amsa. A ganina waɗannan sun nemi abin da zai kashe fim ɗin ne. Da an nuna fuska, da an sami mutum mai dalili, mai dalili kuwa ana iya ba shi haƙuri. Spielberg sai ya ɗora fuskar a kan motar. Ya zaɓi babbar mota ƙirar Peterbilt 281 saboda dogon hancinta da gilashin gaba mai rabe biyu kamar idanu, aka shafe ta da datti da maiƙo, aka jera lambobin jihohi daban-daban a bambar gaba. Shi da kansa ya bayyana cewa lambobin alama ce ta waɗanda direban ya gama da su a baya. Ashe dai an ba da amsar, a jikin bamba aka rubuta ta.

Wurin da wannan dabara ta fi ci shi ne gidan abincin bakin hanya. Mann ya shiga jikinsa na ɓari, ya wanke fuska, ya fito, sai ga tankar a fake a waje. Ke nan mutumin yana cikin ɗakin. Kyamara ta riƙa bin ƙafafun waɗanda ke zaune, kusan kowa da irin takalmin. Ya zaɓi ɗaya ya tunkare shi, ya ci duka a banza, mutumin ya fita ya hau wata motar daban. Mai kallo ma tare da shi ya yi kuskuren, don shi ma takalmi yake bi.

Sai masu jin haushin Mann ɗin kansa. Me ya hana shi juyawa gida? Me ya hana shi tsayawa? Wanda ya kalla da natsuwa ya san an toshe yawancin waɗannan ƙofofi. Ya nemi kiran 'yan sanda a rumfar tarho ta wani gidan mai inda wata mata ke ajiye macizai a keji, tankar ta taho ta murƙushe rumfar, da ƙyar ya sha. Ya ɓuya a bayan wani tudu har barci ya ɗauke shi, ya fito yana murna, ya tarar da ita a gaba tana jiransa. Tun da farko ma direban ya miƙo hannu ya yi masa alamar ya wuce, yana fitowa sai ga mota ta taho gaba da gaba. A nan ne fushin hanya ya koma farauta, kuma duk direban da ya taɓa amincewa da hannun mai babbar mota a hanya mai layi biyu ya san nauyin wannan wurin.

Laifin Mann na gaskiya ƙarami ne, kuma na kanikanci ne. A gidan mai na farko ma'aikacin ya buɗe bonet ya ce masa tiyon lagireto ya gaji, a sauya. Ya ɗauka neman kuɗi ne, ya ƙi. Lissafinsa daga baya daidai ne: babbar motar dizal ba ta iya riƙe gudu a hawan dutse, ƙaramar mota za ta tsere mata. Amma hawa ne ke fi tilasta inji, ruwa ya yi zafi, matsi ya ƙaru, tsohon tiyo ya fashe. Ruwa na zubewa allurar zafi ta haye, ƙarfin inji ya faɗi, mota ta koma rarrafe tana tururi, tanka na matsowa a madubi. Da ƙyar ya kai ƙololuwa, ya sa ta a firi ta gangara da nauyinta. Wannan minti kaɗan ɗin ko masu sukar fim ɗin ba sa taɓa shi.

Akwai abin da ke rikita musun, wato ba fim ɗaya kowa ya gani ba. Da za a kai shi gidajen sinima na Turai an ƙara shi zuwa kusan minti 90, kuma wannan dogon shi ne ya fi yawo yanzu. A cikin ƙarin akwai inda tankar ke tura motar Mann zuwa kan jirgin ƙasa mai wucewa, da inda motar 'yan makaranta ta mace. Na biyun ya fi wayo: Mann ya gudu yana ihun a kwashe yara daga hanya, sai tankar ta zo a hankali ta tura bas ɗin har ta tashi. Kowa ya ga direban kirki, Mann kaɗai ya zama mahaukaci. An kuma ƙara wayar da ya yi da matarsa, inda take masa gorin bai tsaya mata ba lokacin da wani ya ci zarafinta a wurin biki. Daga nan masu cewa fim ɗin kan mazantaka yake suke kafa hujja, har da sunan Mann, mai kama da kalmar Turanci ta "namiji". Ni dai wayar ta yi mini bayani da yawa, haka ma muryar zuci da ake sa masa yana faɗin abin da fuskarsa ta riga ta faɗa. A wannan, masu ƙorafi sun fi gaskiya.

Marubucin, Richard Matheson, daga abin da ya same shi ya samo labarin. Wata babbar mota ce ta manne masa a baya ranar 22 ga Nuwamba, 1963, ranar da aka kashe Shugaba Kennedy.

Ƙarshen ma bai tsira ba. Mann ya danne totur da jakarsa ta hannu, ya saki motar ta nufi tankar, ya diro. Motar ta kama wuta, hayaƙi ya rufe wa direban ido, duka biyun suka rufta kwazazzabo. Tankar da aka rubuta wa gargaɗin kama wuta ɓaro-ɓaro a jiki ba ta fashe ba. Mutanen tashar sun so a ga fashewa, Spielberg ya ƙi, ya bar ta tana faɗuwa a hankali cikin ƙura da wani ruri irin na dabba, sautin da ya sake amfani da shi a fim ɗinsa Jaws a 1975. Masu ido sun lura ƙofar direba a buɗe take lokacin faɗuwar, suka ce ai ya tsira. Dalilin bai kai nan ba: Carey Loftin, gwanin da ya tuƙa ta, dole ya yi tsalle ya fita kafin bakin ramin, kuma tanka ɗaya ake da ita, ba halin a sake ɗauka.