Yau 'ya'yan farar zomanya suka fito

Talata, ƙarshen Afrilu.

Ina dawowa daga sallar asuba na zarce bayan gida, ko shayi ban tsaya sha ba. Yau kwana 19 ke nan da farar zomanyar nan ta toshe bakin raminta da ƙasa, kuma tun ranar ban sa ɗa ko guda a idona ba. Shaidata kawai gashin cikinta da ta fige, wanda iska ta maƙale a jikin waya. Autana kullum sai ya ce, "Baba, ta yasar da su fa, ba ta shiga." Nakan ce masa ya yi haƙuri, haka zomanya take: sau ɗaya take shayarwa a yini, da wuya ta kai minti biyar a ciki, ta fito ta mayar da ƙasa ta daddanne. Amma ni ma zuciyata ba a kwance take ba.

Na tsuguna gindin darbejiya na yi shiru. Gari na fara haske sai ga wani ɗan kai ya leƙo, kunnuwa kamar ganyen zogale. Ya koma. Sai biyu suka fito tare. Na ƙirga bakwai, biyar farare, biyu masu ruwan toka irin ubansu. Alhamdu lillahi. Na aika aka taso yaron daga barci, ya zo ya tsaya riƙe da waya, bakinsa a buɗe.

Bara war haka a keji nake kiwo, ƙarƙashin rufin kwano, kuma zafin bazara ya kashe mini zomaye mata biyu a mako guda, ɗaya da ciki. Zomo ba ya gumi, ta kunne yake rage zafin jiki, in rana ta take kuwa kunne ba ya isa. Shi ya sa na kewaye musu fili taku 10 da taku 8, na binne waya kamu guda a ƙasa don kada su haƙa su fice, na ja raga ta sama saboda shaho. Da azahar yau, lokacin da ko kaji sun buɗe baki suna haki, na zura hannu cikin wani tsohon rami. Sanyi kamar cikin randa. Duk manyan suna ƙasa, ba ko ɗaya a waje. Bana zafi bai ɗauke mini ko guda ba.

Maƙwabcina dattijo ya leƙo ta katanga bayan la'asar. "Malam, zomo a ƙasa ai rabon muzuru ne." Na ce, "Gaskiya ne Baba, shi ya sa kullum da yamma nake bin wayar nan taku-taku." Na nuna masa inda gafiya ta gwada haƙowa makon jiya na cike da duwatsu. Ya gyaɗa kai, amma na ga bai gamsu ba.

Abin da ya dame ni wani ne daban. Da na ɗaga farar na shafa cikinta, na ji alamar ta sake ɗauka. Zomanya tana iya ɗaukar ciki ranar da ta haihu, cikin kuma kwana 31 ne, ni kuwa na bar namijin tare da su. Ke nan nan da kwana 12 za ta sake haihuwa, waɗannan bakwai ko yaye ba a gama ba, ga ƙashin bayanta har ya fara fitowa. A keji ni ke tsara ranar barbara, a fili kuwa sai abin da na tarar. Na cire namijin na sa shi ɗaki shi kaɗai, ita kuma na ƙara mata dusa da harawar gyaɗa, duk da tsadar da harawa ta yi.

Na yanka ɗaya daga cikin mazan wata huɗu, don sun fara cizon juna. Ya kai kilo 2 da rai, bayan fiɗa ya ɗan haura kilo 1. Uwargida ta yi farfesu, na sa aka kai wa dattijon maƙwabcina kwano.

Da magariba hadari ya haɗu a gabas, iska ta watsa shi. Ruwan farko bai yi nisa ba, ramukan nan kuwa a gangare suke, ruwa ɗaya mai ƙarfi zai cika su. Ƙasa mai laima kuma ita ke kawo wa ƙanana zawo. Gobe in Allah ya kai mu zan haƙa magudana ta gefen arewa, in tara musu tudun jar ƙasa da yashi, in nemo tsofaffin tukwane a kifa musu a kai. Na riga na gaya wa mai amalanke ya zo da sassafe.