Asabar a zaure da babur ɗin Baba

Tun bayan sallar asuba na shimfiɗa tsohuwar tabarma a zaure na jera sifanu a kanta, domin na ƙudura cewa kafin rana ta take sai na ga wuta a filogin tsohon babur ɗin Baba, ƙirar Honda CG125. Kafireta ta kwana a cikin kananzir, don haka na tsane ta, na busa ƙananan ramukanta har iska ta riƙa fita ta ɗaya gefen, sannan na mayar da ita mazauninta. Daga nan na buɗe murfin kan injin, na juya filawil har alamar T ta daidaita, na saita bawul biyun a kan milimita 0.08 kamar yadda littafin kamfani ya ce. Kwantak ɗin, wato ɗan ƙarfen da ke buɗewa yana rufewa don filogi ya ba da wuta, shi ne ya fi cin lokaci, domin bakinsa ya yi baƙi ƙirin, sai da na ninka samfefa mai laushi na riƙa gogawa a hankali har ƙarfen ya fito fari, na bar tazararsa tsakanin milimita 0.3 da 0.4.

Abba ne ya riƙe filogin da filaya ya jingina shi a jikin injin, ni kuma na taka kik. Wuta shuɗiya ta yi tsalle a bakin filogin, ƙarama ce amma tsaf. Yaron ya yar da filayar ya ruga cikin gida yana shela cewa babur ɗin mai sunansa ya tashi, alhali ko ɗigon fetur ban zuba ba tukuna. Maman Abba ta leƙo ta ce ta taya mu murna, amma tana so a sani cewa bahon da na wanke kafireta a ciki na wankin yara ne.

Na sha faɗa cewa abin da ya sa nake ganin girman wannan CG125 ɗin bai tsaya ga kasancewarsa na Baba ba. Kamfanin Honda ya fito da shi a 1975 ne bayan injiniyoyinsa sun zaga ƙasashen Asiya sun ga yadda talaka yake riƙon babur: ba ya canza baƙin mai sai ya yi kauri, ba ya zuwa wajen bakanike sai abin ya tsaya cak, ga kaya da mutane ana labta masa fiye da ƙima. Maimakon su tsaya zargin masu saye, sai suka ƙera injin da zai jure wannan riƙo, suka sauko da kam ɗin ƙasa kusa da mai, ya riƙa tura bawul da sanduna biyu, suka sa matatar iska ta soso wadda za a wanke a mayar, suka kuma rufe sarƙar ruf saboda ƙura. Duk wanda ya san hunturun Kano ya san darajar wannan rufi. Baba ya saye shi a 1978, lokacin da ƙarin albashin Udoji da gwamnati ta yi wa ma'aikata ya riga ya sa malamin makaranta yana iya tunanin abin hawan da ya fi keke, kuma rasidin yana nan a jakar takardunsa.

Da wannan farin ciki nake har Kawu, wanda shi ne yake gyara wa Baba babur ɗin a da, ya iso bayan azahar.

Bai ce komai ba da farko. Ya cire hula ya ɗora a kan buta, ya tsuguna, ya toshe ramin filogi da babban yatsansa ya ce in taka. Na taka, yatsan bai ko motsa ba. Ya ce in ƙara, na ƙara. Sai ya miƙe ya goge hannunsa a tsumma ya ce, "Ɗana, wuta dai ka samu, amma numfashi babu. Ringi ya cinye, silinda ma na san ya buɗe. Sai an kai ta an yi ribowa, a ƙara faɗin raminta, an sa fistin mai girma." Wannan bai ba ni mamaki ba, domin na san faɗin silindar milimita 56.5 ne, kuma akwai fistin na ƙari daga 0.25 har zuwa 1.00, saboda haka na ce masa ranar Litinin zan shiga kasuwar Ƙofar Ruwa in nema. Ya yi murmushi irin nasa ya tambaye ni fistin ɗin wace ƙasa nake sa ran samu. Na ce na Japan, idan Allah ya sa an dace. Ya ce kwalin zai ce Japan.

Daga nan ya kawo shawarar da ta tsaya mini a rai har yanzu da nake rubutun nan. Ya ce tunda masu ƙera babura a ƙasar Sin wannan injin ɗin suka kwaikwaya, har ramukan ƙusoshinsa ba su sauya ba, abin da ya fi sauƙi shi ne in sayo sabon inji ɗan Caina sukutum, a ɗaura shi a yini guda, a rabu da kwantak da batirin bolt 6 wanda ko ƙwan fitilarsa sai an sha yawo kafin a samu, a koma CDI, wato na'urar ba da wuta da ba ta buƙatar kwantak, da bolt 12 kamar kowa. Ya ce, "Da Juma'a mai zuwa sai ka goya Abba ku tafi masallaci. In kuwa ka bi taka hanyar, sai yaron nan ya yi gemu kana zaune a zaure da samfefa."

Na ce masa, "Kawu, ai da tsohuwar zuma ake magani. Lambar da ke jikin injin nan ita ce a rasidin Baba, ni kuma so nake in mayar da shi yadda ya fito daga shago, ba na son in sa masa abin da ba nasa ba."

Kawu ya yi dariya har da riƙe ciki, kuma ba dariyar raini ba ce, wannan ne ma ya sa ta fi ciwo. Ya jawo benci ya zauna ya fara nuna mini sassan ɗaya bayan ɗaya da bakin sukundireba. Kafiretar da na kwana ina lallaɓawa, in ji shi, shi ne ya cire ta daga wani babur da ya yi hatsari ya sa wa Baba, bayan an karya darajar naira a 1986 kayan gyara sun yi tsadar da malamin firamare ba zai iya ba. Salansa kuwa wani mai walda ne ya yanka biyu ya haɗa ɗaya, ya nuna mini layin waldar a ƙasa inda ido ba ya kai wa. Ƙafar gaba ba tasa ba ce. Sannan ya ƙwanƙwasa tankin, tankin da na goge tsatsarsa da hannuna har fatar yatsuna ta saɓule, ya ce na asalin ya lotse tun ranar da Baba ya kauce wa jaki a hanyar ƙauye ya faɗa kwalbati, wannan na gwanjo ne, kuma shi ya sa aka yi masa shuɗin fenti don a ɓoye tabon da ke gefensa. Babur ɗin ja ne da aka sayo shi.

Ban taɓa sanin babur ɗin Baba da wani launi ba sai shuɗi. A kan shuɗin tankin nan nake zama ina riƙe da madubi idan zai kai ni makarantar allo, kuma gwangwanin shuɗin fentin da na sa aka haɗa mini yana ajiye a ƙarƙashin gado.

Na shiga wajen Hajiya na tambaye ta, ko Kawu ya manta ne. Ta ce bai manta ba, ja ne wur, a kansa aka kai ta asibiti haihuwar Yaya, kuma ta yi fushi da Baba ranar da ya dawo da shi shuɗi domin ya ɓoye mata labarin faɗuwar sai da ta ga ƙurjewar gwiwarsa. Ta faɗi haka tana tsince shinkafa, ba ta ko ɗago kai ba.

Na dawo zaure na tarar Kawu ya riga ya kwance murfin dama ba tare da na roƙe shi ba, ya ciro matatar mai mai juyawa wadda ke kan ƙarfen injin, yana kankare baƙin dattin da ya daskare a cikinta da tsinken tsintsiya. Ya ce mutane da yawa suna wanke rariyar da ke wajen zubar da mai su ɗauka sun gama, ba su san da wannan ba, kuma shi ne mutum na ƙarshe da ya buɗe ta. Na tsaya ina kallon hannunsa yana aiki ba tare da ya duba ba, yatsunsa sun san inda kowace ƙusa take. A nan ne raina ya ƙara ɓaci, domin ina ta maganar babur ɗin Baba da aikin injiniyoyin Japan, alhali mutumin da ya riƙe shi a kan titi shekara da shekaru da abin da ya samu a hannu yana tsugune a gabana, ni kuma na gama ce masa ba na son abin da ba nasa ba.

Duk da haka ban yarda da shawararsa ba, kuma har yanzu ban yarda ba. Sabon inji zai tashi da taku ɗaya, wannan gaskiya ne, amma ni ba abin hawa na rasa ba, kuma idan aka sauke injin nan aka jingine shi a lungu na san ƙarshensa hannun 'yan gwangwan ne, a ɗora shi a sikeli. Fistin ɗan Caina a cikin tsohuwar silinda kuwa na haƙura da shi, tunda abin da Kawu zai yi ke nan a 1986 da ya same shi. Da na faɗa masa haka sai ya ce to, in tafi da silindar kanta kasuwa, kada in yarda a sayar mini da fistin kafin mai ribowa ya auna, kuma in duba ringin da kyau domin akwai wanda ake karyawa da yatsa biyu. Kwantak ɗin ma ya ce in bar shi tunda ina son wahala.

Maganar fenti ce ba ta warware ba. Hajiya ta ce ja, Yaya da na kira shi a waya ya ce in yi duk wanda ya fi arha, Abba kuma yana son kore. Mai fentin ya ce ba ya karɓar abin da ya riga ya haɗa. Da magariba na ɗauki samfefa na goga marafan gefen babur ɗin, wajen da sirdi ke rufewa, ko zan ga ragowar launin farko, na kuwa samu ɗan ja kaɗan a bayan marfin hagu, a ƙarƙashin shuɗin. Na dama shuɗi ne har ƙarfe, wato shi ma ba nasa ba ne, kuma Kawu bai ambace shi ba.