Takardar wani a akwatin wani

Makon nan na bar aikin, kuma akwai abin da nake so waɗanda za su gaji sashen aika imel su ji daga bakina.

Duk wanda ya zauna a sashenmu ya san yadda ƙarshen wata yake. Kwastomomi su yi ta danna maɓallin neman takarda, saba (kwamfutar da ke gudanar da shafinmu) ta haɗa wa kowa takardar bayanin asusunsa ta PDF, ta maƙala a imel, ta tura. Kod ɗin da ke wannan aiki oga ne ya rubuta shi da hannunsa tun kafin zuwana, yana kuma ji da shi ƙwarai. Yana haɗa takardar, ya ajiye ta a folda ɗaya da suna ɗaya ga kowa da kowa, sannan ya karanto ta ya miƙa wa mail(), umarnin tura imel a yaren kod na PHP. Idan mutum ɗaya ne ya danna, lafiya lau. Idan biyu suka danna kusan lokaci guda, takardar na biyu sai ta hau kan ta na farko kafin a karanto ta. Na farko ya buɗe saƙonsa ya ga sunan wani, lambar asusun wani, da duk abin da ya shiga ya fita.

Na rubuta wa oga na nuna masa layin. Gyaran ba wani abu ba ne: a ba kowane saƙo fayil nasa da tempnam(), umarnin da ke ƙirƙiro fayil mai suna na daban kowane lokaci, ko ma kada takardar ta taɓa faifai, a miƙa ta kai tsaye da addStringAttachment na PHPMailer, wato shiryayyen kod na tura imel. Ya ce shekara da shekaru abin yana aiki, kada in tada zaune tsaye. Na sake rubutawa, bai amsa ba.

Da abin ya faru, wata kwastoma ce ta kira, ranta a ɓace, tana tambayar wa aka tura wa tata takardar in dai ita ta wani aka turo mata. Tambayar ta dace, kuma ba mu da amsa, domin kod ɗin ba ya ajiye bayanin wane fayil ya bi wane saƙo. A taron da aka kira, oga ya ce yaron da ke kula da imel ne ya yi sakaci. Yaron nan ni ne. Saƙonnina biyu suna cikin wayata, na nuna wa manaja bayan an tashi, ya karanta, ya ce in yi haƙuri, a bar maganar. Takardar gargaɗi dai sunana ta ɗauka, ba a kuma janye ta ba har na tafi. A daren nan ni na zauna na yi gyaran da aka hana ni, washegari aka sanar cewa sashe ya magance matsalar.

Imel zarar bunu ne. Shafin intanet idan ya nuna kuskure sai a gyara, kowa ya ga gyararre. Saƙon da ya bar saba kuwa ya zama na wanda ya karɓa, babu maɓallin da zai dawo da shi. Shi ya sa bayan nan ban ƙara yarda kod ya tura fayil ba sai ya tabbatar mai fayil ɗin shi ne mai adireshin, ya kuma rubuta hakan a rajista. A na'urar gwaji ma na toshe hanyar fita gaba ɗaya, saƙonni su tsaya a akwatin gwaji, kada ranar tsautsayi su isa ga mutanen gaske.

Sauran abubuwan sun fi sauƙi, amma su ma sai da suka ci mana lokaci. SMTP, tsarin da imel ke tafiya a kansa, tun 1982 an gina shi ne don rubutu zalla, sai a 1992 wani tsari mai suna MIME ya zo da hanyar cusa fayil a ciki, ta mayar da shi haruffa da wata dabara mai suna base64. Kowane bayit (ma'aunin girman fayil) 3 yana komawa haruffa 4, wato fayil yana kumbura da kusan kashi ɗaya cikin uku. Fayil mai MB 20 yakan kusa MB 27 a hanya, sabar da ta sa iyaka a 25 kuwa ta mayar da shi. Babban fayil gara a tura mahaɗin saukewa mai wa'adi, wanda sai mutum ya shiga asusunsa zai buɗe. Da haka muka yi tun farko, da matar nan ba ta ga sirrin kowa ba.

Idan mail() ya ce ya yi nasara, ko saba ta amsa da lambar amincewa ta 250, abin da ake nufi kawai an karɓa. Isa akwatin mutum wani zance ne, sai ana duba saƙonnin da suka dawo. Kada a haɗa MIME da hannu, alamar raba sassan saƙo ɗaya ta kuskure sai fayil ya fito a matsayin tarin haruffa marasa ma'ana. Sunan fayil mai ƙ ko ɗ a gwada shi a Gmail da Outlook duka. Kada a bar kwastoma yana jiran shafi ana turawa, a sa saƙon a layi wani aiki na baya ya ɗauka. SPF da DKIM da DMARC, hanyoyin tabbatar da cewa saƙo daga gare mu ya fito, na saita su tun kafin Gmail da Yahoo su tsananta wa masu tura saƙo da yawa a Fabrairun 2024, ba wanda ya tambayi dalilin da namu bai faɗa cikin spam ba.

Sashen rasit har yanzu yana kan tsohon kod ɗin, da folda ɗaya da suna ɗaya. An hana ni taɓa shi, wai ba hurumina ba ne. Wanda aka ba wurin ya duba shi kafin ƙarshen wata, ya kuma ajiye kwafin duk abin da ya rubuta wa oga.