Awara da sankarar mama: ranar da aka janye wa yayata kwano

Tun da aka tabbatar wa yayata cewa sankarar maman da take fama da ita irin wadda sinadarin estrojin na jikin mace ke rura wa wuta ce, aka kuma ɗora ta a kan ƙwayar tamoxifen, sai gidanmu a nan Sakkwato ya cika da masu ba da shawara. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yammacin da aka sayo awara mai zafi da yaji, Yaya ta miƙa hannu, sai Inna ta janye kwanon tana cewa, "Yi haƙuri, an ce waken suya yana tayar da wannan ciwo." Yaya ba ta ce uffan ba, ta mayar da hannunta cikin mayafi, alhali a makon nan babu abin da bakinta ke karɓa sai awarar.

Tsoron Inna yana da tushe. Waken suya yana ɗauke da sinadaran genistein da daidzein, waɗanda ƙirarsu ta yi kama da estrojin na jikin mace, kuma a ƙarshen shekarun 1990 an ga genistein yana haɓaka ƙarin sankara a jikin ɓerayen gwaji. Sai dai jikin ɓera ba ya sarrafa su kamar jikin ɗan Adam, ƙarfinsu kuma bai kai na estrojin da jiki ke samarwa ba. Da aka koma kan matan da suka yi ciwon, sai labari ya sha bamban. Binciken da aka yi a Shanghai a kan mata sama da 5,000, wanda ya fito a 2009, ya nuna cewa waɗanda suka fi cin abincin waken suya ciwon bai cika dawo musu ba kamar sauran, har da masu shan tamoxifen. A 2012 aka haɗa bayanan mata fiye da 9,500 daga Sin da Amurka, sakamakon kuma ya bi sahun na farko. Wannan bai mayar da awara magani ba, amma ya isa a daina hana mace cinta daidai wa daida.

A ganina, inda ya kamata a sa ido shi ne garin magani da ƙwayoyin da aka tace sinadaran tsirrai aka tara su da yawa a ciki. Garinmu ya yi suna a kayan mata, kuma masu zuwa dubiya suna kawo tsumi da gumba da niyyar alheri, ba tare da an rubuta abin da aka haɗa ko yawansa ba. Irin waɗannan ne bai dace mai shan tamoxifen ta taɓa ba sai ta tuntuɓi likitanta. Haka kuma ya kamata a sa ido a kan ƙiba, domin bayan ɗaukewar al'ada kitsen jiki ne ke samar da yawancin estrojin, ita kuwa awara a mai ake soya ta.

Da muka koma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Yaya ta yi tambayar a gaban Inna, likita ya ce ta ci, ta rage mai, kada ta tsallake ƙwayarta ko da kwana ɗaya. Yanzu Inna da kanta take yayyanka mata awarar a cikin miyar alayyafo.