Kunyar da na taka a Col de Porte

Asabar. Ban yi niyyar rubutu ba yau, barci ne ya ƙi zuwa.

Gari na wayewa Dogo ya iso, raket ɗinmu, wato faffaɗan takalman tafiya a kan dusar ƙanƙara, a kujerar baya. Grenoble, birnin Faransa da muka taso daga shi, na kwance cikin hazo kamar Damagaram a tsakiyar hunturu, amma muna wuce Le Sappey sai ga rana tarwai. Tafiyar kamar rabin awa ce, ka bar gari mai tsayin mita 200 da 'yan kai, ka tsinci kanka a mashigar duwatsu ta Col de Porte, a mita 1,326, dutsen Chamechaude tsaye a kanka fari fat.

Raket ɗin gudu da ya ara mini ya fi na tafiya ƙanƙanta da rashin nauyi. Dunduniya a sake take, haƙoran ƙarfen da ke ƙarƙashin yatsu su ke kama ƙanƙara. Kowane taku sai ya watso maka dusar a gadon baya. Yau ne karo na farko da na yi hawa mai tsawo ban tsaya ba, numfashi na fita kamar hayaƙin murhu, zuciyata fes.

A gangarowa ne na ratsa wata shimfiɗaɗɗiyar hanya mai layuka biyu a gefe. Na bi kansu taku goma ko fiye, don wurin ya fi tauri. Sai ga wata dattijuwa a kan siki, dogayen allunan sulu a kan ƙanƙara, ta ja birki a gabana. Ta nuna sawuna da sandarta, ta ce ba na gani ne, nan ba wurina ba ne. Dogo ya ƙaraso ya ba ta haƙuri, ta juya ta yi masa bayani a tsanake, ta wuce.

Gaskiya tana gare ta, wannan ban musa ba. Mota ce ta musamman ke yanka layukan nan don masu siki su zura ƙafa a ciki. Haƙoran raket na farfasa su, in wurin ya daskare haka, mai gangarowa da gudu na iya kifawa. Da Dogo ke faɗa mini, abin da ya faɗo mini a rai gonar Baba ce, da yadda yake tashi tsaye in yaro ya bi ta kan kunya bayan an yi huɗa. Aikin wani na tattake. Na ji kunya ƙwarai.

Abin da ya tsaya mini a wuya daban ne. Ni "tu" ta ce mini, irin kiran da ake yi wa yaro. Dogo kuwa, da na girme shi da shekara huɗu, "vous" na girmamawa ya samu. A mota ya ce a kan dutse kowa "tu" yake ce wa kowa, kada in sa a rai. To shi me ya sa ba a ce masa ba? Ya yi shiru, ya ƙara muryar rediyo. Wataƙila fushi ne ya kwashe ta, ni na yi ɓarnar, shi bai yi ba. Ina ta gaya wa kaina haka tun azahar. Amma "nan ba wurinka ba ne" ɗin, hanyar take nufi ko dutsen gaba ɗaya?

Shinkafa da wake da rana. Wanki. Cinyoyi sun yi tsami.

Bayan isha'i Inna ta kira, ta ga hoton da na tura. "Kai ɗan nan, wa ya kore ka kake gudu cikin ƙanƙara?" Na ce motsa jiki ne, Inna. Ta ce in riƙa rufe kunnuwa, ta sa mini albarka. Maganar dattijuwar ta zo har bakina, na haɗiye.

Dogo ya turo saƙo ɗazu, wai Asabar mai zuwa dutsen Chamrousse za mu. Ban amsa ba tukuna. Raket ɗin na jingine a bakin ƙofa, ruwa na ɗiga a kan tsohuwar jarida.